Kai Ɗan Gidan Wa Ne? Tarihin Sunayen Mutanen Adar

Yau arewacin Adar muka nufa, watau Tawa da karkararta. A Bambeye za mu yada zango, garin nan da ke kudu maso yamma da Tawa, tafiyar da ba ta kai yini ba ga mai tafiya a ƙasa.

Ka ɗauka kai baƙo ne, ka sauka Bambeye da la'asar. Za a shimfiɗa maka tabarma, a kawo maka ruwa, a yi maka barka da gajiya. In ka huta, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Samari, daga ina?" In ka faɗi garinku, sai ya ƙara, "Ɗan gidan wa?" Ka lura, bai damu da sunanka na yanka ba, Audu da Mamman sun cika duniya. Abin da yake so ya sani shi ne ko kai ɗan sarauta ne, ko ɗan malamai, ko maƙeri, ko Bafillace, ko Buzu. Amsar da ka bayar ita za ta nuna inda za ka zauna, da irin maganar da za a yi a gabanka, da abin da za a ce ran da ka aiko neman 'yar gidan.

Yawancinmu mun ɗauka waɗannan sunaye zanen dutse ne. Tarihin Adar bai yarda da haka ba. A ƙasar nan an ga sunan girma ya koma zagi, an ga ɗan sarkin Abzinawa ya haifi sarakunan Hausa, an ga jikan bawa ya zama Alhaji mai ciyar da jikan ubangijin kakansa. Sai dai akwai abu guda da za ku yi ta gani: mutum yakan riga idon jama'a sakewa. Shi ya sake harshe da sana'a da tufafi cikin shekara 10, idon maƙwabcinsa kuwa ya yi shekara 100 yana ganin mutumin da.

Mu fara da waɗanda suka fi kowa daɗewa. Mutanen da aka tarar a duwatsun Adar su ne Azna. Wasu daga cikinsu ana ce musu Aznan ramu, don in ka tambaye su inda kakanninsu suka fito ba su ce maka Gabas ko Abzin, sai su nuna maka kogo a jikin dutse. Ma'anar maganar a fili take: ba mu tarar da kowa ba, kowa ya tarar da mu. A wancan zamani sunan Azna ba zagi ba ne. Su ne masu ƙasa. Su suka san iskokin wuri, su ke yanka kafin a yi shuka, su ke buɗe daji kafin a fita farauta. Baƙo yakan zo da dawaki da takubba ya ci gari ya karɓi haraji, amma ba ya taɓa wannan gado, don yana tsoron kada damina ta ƙi. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, wadda ta zauna da manoman Adar ta kuma wallafa tarihinsu a 1975, ta nuna yadda kowane dangi yake da nasa gado, wannan noma, wancan farauta, wancan ƙira, kuma da gadon ake sanin mutum.

Musulunci ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, a 1754. Amma addinin ya daɗe yana hannun malamai da fatake da gidajen sarauta, manomin ƙauye yana kan gadonsa. Sai cikin ƙarni na 20, da hanyoyi suka yi lafiya samari suka fara zuwa Sakkwato da Kano neman kuɗi, abin ya juya. A can wanda ba ya salla ba ya samun masauki mai kyau, ba a haɗa hannu da shi a ƙwarya. Saurayi ya tafi da sunan gida, ya komo da buta da carbi. Uba yana yanka a gindin itace, ɗa yana salla, jika ya zama limamin gari. Gona ɗaya, rijiya ɗaya, jini ɗaya. Yau ka ce wa mutumin Adar azne, sai a raba ku. Mutanen ba su gusa ko taki ɗaya daga ƙasar kakanninsu ba, sunan ne ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, su kuma suka tuɓe shi suka yar.

To, ga kuma labarin masu mulki. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 Adar tana bin Kabi. A 1674 Muhammadu Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya jawo rundunar Abzin ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ƙasar. Daga baya ya gaji ubansa a Agadas. A 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi daga gadon sarauta. Ku duba wannan juyin rayuwa: jiya sarkin Abzin, yau korarre. Sai ya dawo ƙasar da ya ci tun yana saurayi, ya kafa sarautar Adar, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1738. Zuriyarsa ta zauna cikin Hausawa, ta yi aure cikinsu, ta sha nonon matansu. Sarautar Sarkin Adar da aka sani a Illela daga wannan gida ta fito. Wa zai shiga fadar Illela ya ce ba fadar Hausa ba ce? Da Hausa ake shari'a, da Hausa maroƙa ke kirari. Haka Lisawan, Abzinawan da suka rako Agabba aka ba su tara haraji. Shugabansu shi ke da sarautar Amattaza, zamanin Faransawa aka ba gidan riƙon kanto, sarautar Keita ta zauna a hannun zuriyarsu, harshen gidansu ya koma Hausa. Malamin tarihinmu Jibo Hamani ya bi wannan labari daki daki a littafinsa na tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya taɓa yi wa waɗannan gidaje gorin asali. Su da kansu ke tuna wa mutane daga Agadas suka zo, don asalin ado ne gare su. Mai mulki in ya sake harshe, sai a ce ya zama namu. Ku riƙe wannan, don yanzu za mu ga waɗanda suka bi hanya iri ɗaya amma ba a yi musu irin wannan karɓa ba.

A ƙarni na 19 ƙarfin sarautar Adar ya ragu. Kel Geres suka riƙe kudu da gabas, Kel Dinnik suka riƙe arewa, har da wajajen Tawa. Ƙauyukan manoma suna ba su hatsi don a bar su lafiya. Jama'ar Abzinawa kuwa hawa hawa ce. Akwai imajegan, masu takobi da mulki. Akwai malamai, akwai talakawa masu kiwo, akwai maƙera. Can ƙasa akwai iklan, watau bayi, da waɗanda aka 'yanta tun da daɗewa amma ba su fita daga inuwar iyayengijinsu ba, irin su igawelan. Su ke jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa, su ke kiwon bisashe, matansu ke daka da kafa bukka. Da yawa cikinsu kakanninsu manoma ne da aka kamo wajen hari, watau su ma an riga an sake musu suna sau ɗaya da ƙarfin takobi.

Kalmar Buzu tana bukatar a tsaya a kanta. In ka je Kano, duk mai rawani da amawali da ya fito daga arewa Buzu ne, ko ɗan sarki ne ko bawa, Bakano bai bambanta ba. A Adar ba haka ba ne. Nan an san Ba'abzine, an san Buzu, kuma in aka ce Buzu ko Bugaje, sau da yawa ana nufin mai jin Tamajak wanda asalinsa ya taɓa bauta. Kalma ɗaya, a Kano sunan ƙabila, a Tawa tonon asiri. Shi ya sa mutum ɗaya zai amsa ta da dariya a kasuwar Kurmi, a kasuwar garinsu kuwa ta hana shi barci.

Wajen 1900 zuwa 1901 Faransawa suka iso Tawa suka kafa bariki. A 1901 suka karya Kel Geres a Galma. A watan Disamba na 1905 gwamnatinsu ta yi dokar hana sayar da mutum a duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Amma kada ku ɗauka da gari ya waye kowa ya zama ɗa. Kumandan yana bukatar shugabannin makiyaya su tara masa bodo da raƙuma, saboda haka ya kau da kai daga abin da ke faruwa a rugagensu. Sai bayan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917 ƙarfin iyayengiji ya karye sosai. A 1917 sojojin Faransa suka kashe manyan Kel Dinnik da yawa. Igiyar da ke ɗaure da dubban mutane ta yi sako-sako, ba don wani ya ji tausayinsu ba, sai don hannun da ke riƙe da ita ya raunana.

To, me mutum zai yi da 'yancin da bai zo da gona ba, bai zo da akuya ko ɗaya ba? Nan ne tarihin ya fi daɗi, kuma wata malama 'yar Italiya, Benedetta Rossi, ta bi shi ƙauye ƙauye a wajajen Keita da Tamaske, ta rubuta shi a littafin da ya fito a 2015. Mutanen suka gangaro kusa da garuruwan Hausawa. Suka roƙi daji suka sassabe, sau da yawa fako ko tudun dutse wanda masu gari ba su so. Suka haƙa rijiya. Bukkar tabarma ta koma ɗakin laka, aka gina rumbu a bayansa. Rumbu kuwa babbar shaida ce, don mai rumbu ya ce wa duniya ba inda za shi. Kaka yana jin Tamajak, Hausarsa ta ciniki ce kawai, in ya yi magana yara na dariya. Ɗansa yana jin duka biyu, ɗaya a cikin gida, ɗaya a kasuwa. Jika kuwa Hausa kaɗai ya tashi da ita, ya sa hula maimakon amawali, in aka zo ƙidaya aka tambaye shi, ya ce shi Bahaushe ne, Ba'adare. Bai yi ƙarya ba. Da wane harshe yake mafarki? Da wane harshe zai yi wa ɗansa huɗuba?

Me ya sa Hausa suka nufa? Ba don Hausawa ba su yi bauta ba, sun yi, sun saya sun sayar, kuma ba su da mantuwa. Dalili shi ne, a zaman Hausa akwai ƙofofi da yawa da mutum ke shiga ya sami girma ban da haihuwa. Akwai fatauci, akwai karatu, akwai sana'a, akwai yawan iyali da yawan baƙi a zaure. Wanda ya tara dukiya ya ciyar da mutane, za a gaishe shi da rusunawa ko an san kakansa. Ga wanda aka haifa a ƙasan tsani, harshen Hausa ya zama hanyar fita daga gidan da ba a yarda ya hau ba.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Wasu sun ce harshen Tamajak nasu ne kamar yadda yake na kowa, ba za su bar shi don kunya ba, a cikinsa za su nemi mutunci. Daga irin wannan ra'ayi ƙungiyar Timidriya ta fito a 1991, sunan kuwa yana nufin 'yan'uwantaka. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, lokacin da Bambeye da sauran garuruwa irinta suka fara zaɓen wakilansu, sai aka ga ƙuri'a ba ta tambayar asali, yawa take ƙirgawa. A wasu wurare na ƙasar nan jikokin bayi suka hau kujerun da kakanninsu ba su isa su tsaya kusa da su ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi kome sake mutanen Adar, watau tafiya. Amma kafin nan ga wani abin dariya da ke cikin takardun Turawa. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar da ba su gani ba. Suka kafa tsinke a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Ƙonni da Madawa da kudancin Adar suka faɗa ciki, Tawa da Bambeye suka tsira a bakin layi ta wajen Faransa. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ruwa, suka nemi gyara, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, iyaka ta koma kudu. Manomi yana cikin gonarsa, an mai da shi talakan Ingila, an kuma mai da shi talakan Faransa, ba wanda ya zo ya gaya masa. A 1946 aka ce ya tashi daga talakan mallaka ya zama ɗan ƙasa, a shekarar kuma dokar Hufuwet Bwanyi ta kashe aikin tilas. Ran 3 ga Agusta 1960 ya zama ɗan Nijar. Sarki goma, zamani goma.

Bodo da aikin tilas su suka fara tura samarin Adar kan hanya da yawa. Bodo kuɗi ake biya, ƙasar dutse kuwa hatsin ci take bayarwa da ƙyar, ba na sayarwa ba. Da an gama girbi, sai saurayi ya ɗauki sanda da gora ya nufi kudu cin rani. Sakkwato, Kano, haƙar kuza a Jos, daga baya Kumasi da Ankara a Gwalkwas, sa'an nan Abijan, Kamaru, Libiya. Dako, ga-ruwa, gadi, tallan goro da shayi, yankan farce. Har yau in ka shiga ƙauyukan Bambeye da rani, za ka ga tsofaffi da mata da yara sun fi yawa.

Abin da tafiya ke yi wa suna shi ne wannan. A gida kowa ya san kakanka. A zangon Kumasi ba wanda ya sani, ba wanda ya damu. Mutanen kurmi duk wanda ya fito daga arewa yana salla yana jin Hausa, Bahaushe ne a wurinsu. A Ikko sai su ce masa aboki, ko shi wane ne. Wanda ya bi hanyar Gabas da ƙafa zuwa Makka, in ya kai Sudan sai ya ji ana ce masa Takari ko Fallata, ko bai taɓa jin Fillanci ba. Ɗan sarki da ɗan maƙeri da ɗan Buzu suna kwana ɗaki ɗaya, suna ɗaukar buhu ɗaya, wanda ya fi ƙarfi da wayo shi ke gaba. Ga wanda asali ya danne a gida, baƙunci hutu ne. Shi ya sa jikokin bayi suna cikin waɗanda suka fi nisan tafiya da daɗewa. Wasu ba su komo ba sam, suka yi aure can, 'ya'yansu ba su san akwai wata kalma da ake jifan kakansu da ita ba.

Wanda ya komo kuwa, kayan da ke kansa su ke faɗin sabon sunansa. A da akwatin ƙarfe ne da rediyo da agogo da keke. Daga baya kwanon rufi da babur. In Allah ya buɗa ya je Makka, sunan yanka ya ɓace, sai Alhaji. Dattijon da a da ba ya amsa gaisuwarsa da kyau, yanzu shi ke aiko yaro da safe a ce yana gaisuwa, hatsi ya ƙare. Amma akwai ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Wanda ya komo hannu wofi ba ya shiga gari da rana. Yakan jira duhu. Wani ma kunya ta hana shi komowa, shekara ta bi shekara, har a daina ambatonsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Baƙunci kuma ba shi da tabbas, baƙo raɓa ne. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda kwana 14 su fita. Mutumin da ya yi shekara 20 a Kumasi, yana da rumfa da mata da 'ya'ya, ya wayi gari sunansa baƙo. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora. A 1984 aka rufe iyakarta daidai lokacin da fari ya ci amfanin gona, har mutane suka sa wa yunwar shekarar sunan Buhari, wanda ke mulkin Nijeriya a lokacin. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan Nijar, jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Mai aiko da kuɗi ya koma mai jiran a ba shi. Waɗanda suka ga irin wannan komowa sun san ba yunwa kaɗai ke rama mutum ba, har da yadda gaisuwar mutane ke gajarcewa.

Kada mu manta da waɗanda aka bari a gida. Mace dama sunanta ya fi na namiji saurin sakewa: budurwa, amarya, uwar wane, uwargida, wata rana bazawara. Tafiyar maza ta ƙara mata wani matsayi wanda ba shi da suna, ga aure ga babu miji. Ita ke neman abin dakawa, ita ke sayar da akuya in yaro ya kwanta. Da aka buɗe babban aikin gyaran ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya, ana biyan ma'aikata da abinci, yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai suka dasa itatuwa mata ne. Baƙi masu zuwa kallo suka yi ta yabon ƙwazon matan Adar. A cikin gari kuwa wani ido dabam ake kallonsu da shi, don matar da mijinta ke da hali ba ta fita ɗaukar dutse. Aiki ɗaya, a idon baƙo abin yabo, a idon maƙwabciya alamar rashi.

To, jama'a, duk wannan sakewa da muka lissafa, ina ta tsaya? Ta tsaya a ƙofar aure. Mutum ya yi Hausa, ya yi karatu, ya yi kuɗi, ya gina masallaci, ana bin sa salla. Ran da ɗansa ya nemi 'yar wani gida, sai a ce a dakata a yi bincike. A tura tsohuwa ƙauyen kakanni. Ta komo ta raɗa kalma ɗaya. Sai a aiko a ce yarinya an riga an yi mata miji. Ba a faɗin dalili, kowa kuwa ya sani. Haka kuma wajen gona: akwai inda mutum ya noma fili shekara 50, ran da aka zo rabo ko sayarwa a tuna masa aro aka ba kakansa. Na ce muku ku riƙe labarin gidan Agabba. Su shekara 300 ba ta sa an daina yaba asalinsu ba, waɗannan kuwa shekara 100 ba ta sa an daina yi musu gori ba. Hanya ɗaya suka biyo daga arewa, harshe ɗaya suka bari, harshe ɗaya suka ɗauka. Ni dai ban ga inda adalci yake a wannan awo ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. Ga shari'ar Hadizatu Mani, 'yar yankin Ƙonni a jihar nan tamu ta Tawa, wadda duniya duka ta ji. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ga wani mutum mai mata huɗu, ta zama wahaya, watau ta biyar wadda ba a ɗaura wa aure ba, ba sadaki, ba ranar girki, sai aiki. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci da sa hannu. Da ta tashi tafiya, sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ku duba, jiya baiwa, yau da baiwa ta zama abin ɗauri sai ta koma mata, duk a bakin mutum ɗaya. Ta tafi ta auri wanda take so, aka kai ta ƙara da laifin aure kan aure, har ta shiga gidan kaso. Ba ta bari ba. Da taimakon Timidriya da lauyoyi ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce bauta aka yi da ita, hukuma kuma ba ta kare ta ba, a biya ta sefa miliyan 10. Shekara 103 ke nan bayan dokar 1905.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiyar masu saurare ta yi kafin mu sake saduwa, musamman ku na Bambeye da Kalfu da Tawa. Ku sami tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a garinku, ku kai goro, ku zauna. Kada ku tambayi asalin kowa, ba tonon asiri muka aike ku ba. Ku tambayi garin kansa: wa ya haƙa rijiya ta fari, da wane harshe aka yi magana a bakinta, wace shekara aka gina masallacin farko, wa ya fara zuwa kurmi, da me ya komo. Wanda hannunsa ya faɗa a cikinku ya rubuta amsar da Hausa yadda aka faɗe ta, a ba malamin aji ya aiko mana.